Ranar da Yotamu Ya Ƙi Ɗaukar Littafi

Yotamu Makwinja mai gyaran keke ne a ƙauyenmu Mlombwa, a gindin dutsen Mulanje, inda gonakin shayi ke hawa tudu kamar an shanya koren bargo an manta ba a naɗe ba. Kwana shida a mako yana ƙarƙashin mangwaro da famfo da kwanon ruwa, yana neman inda taya ta huje. Ran Lahadi kuwa sai ya sa baƙar kwat ɗinsa wadda ta girmi 'ya'yansa duka, ya zama mai ɗaukar Littafi a majami'armu ta Firesbiteriyan.

Aikin ba shi da wuya a ido. In an kaɗa ƙararrawa ta ƙarshe, sai ya fito daga ɗakin baya rungume da babban Littafi Mai Tsarki, jama'a su miƙe, ya hau mumbari ya buɗe shi, sannan fasto ya shigo. In an gama, ya rufe, ya sauko da shi, ya bi tsakiyar majami'a har ƙofa, fasto na biye, dattawa na biye da fasto, sannan sauran jama'a. Ba mai fita kafin Littafi. Ko jariri ya ɓare baki, uwarsa sai ta jijjiga shi a tsaye har Littafi ya wuce. Haka muka taso muka tarar.

Tafiyarsa da Littafin nan abin kallo ce. Gajere ne, mai gwame, Littafin kuma ya kusa rabin tsawonsa, amma yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da madara a kan gadar itace. Na yi shekaru ina rubuta wa ƙungiyar mawaƙanmu waƙoƙi, ban taɓa samun kari mai daidaito irin na ƙafafun mutumin nan ba.

Mu a Mlombwa muna alfahari da cewa majami'armu mai buɗaɗɗiyar ƙofa ce. Mu ne muka fara karɓar mace fasto a yankin, Abusa Elube Namaona (Abusa muke ce wa fasto), doguwa mai dariya kamar ana zuba gyaɗa a kwano. Mun fitar da bencin baya da ake zaunar da waɗanda ke ƙarƙashin horo, muka kai shi bakin rijiyar burtsatse, inda matanmu da matan Musulmin ƙabilar Yao ke zama a kai suna jiran layi. Maza da mata suna zama a haɗe. Bayan wa'azi akwai lokacin tambaya, kuma an taɓa ganin wata tsohuwa ta ce wa Abusa ba ta yarda da fassararta ba, Abusa ta ce, "Kaka, ni ma tun jiya nake shakka." Kuma komai sai mun kaɗa ƙuri'a a kai. Fentin tagogi ya ci mana zama uku.

Abu ɗaya ne ya rage daga tsohon zamani, wato dalma. Wasu 'yan ƙananan alamu ne na dalma, zagayayyu, da hoton kurmi mai cin wuta a jiki, waɗanda masu mishan suka bari. Kafin kowane Jibin Ubangiji, wato cin gurasa mai tsarki, dattawa kan zauna su tantance wanda ya cancanta, a kai masa dalma har gida. Ran Jibi ka miƙa dalmarka a ƙofa, ka zauna a layin masu ci. Marar dalma ya zauna ya yi kallo. Mai raba dalmar gida gida a kan keke, mai kuma karɓarta a ƙofa, shi ne mai ɗaukar Littafi.

Matar Yotamu, Felesiya, ba ta taɓa samun dalma ba cikin shekara ashirin da shida. Laifinta giyar masara take dafawa, kamar yadda uwarta ta yi, kuma hannunta na da kyau, har daga ƙauyuka uku ake zuwa. Dokarmu ta ce mai dafa giya ba ta kusantar tebur. An yi mata nasiha ta daina, ta ce da tukunyar nan ta kai 'ya'ya huɗu makaranta, ba za ta kife ta don a ce mata sannu ba.

Abin dariyar, wanda ba mu yi dariyarsa ba sai daga baya, shi ne ita ke toya gurasar Jibin. Duk Mlombwa ba mai tanda irin tata. Kowane wata uku sai ta tashi da sassafe ta kwaɓa, ta toya, ta naɗe a farin ƙyalle, mijinta ya ɗaura a bayan keke tare da jakar dalma. Sai ta yi wanka ta zo ta zauna gefen taga, tana kallon mutum ɗari biyu suna cin abin da ta toya.

Duk lokacin rabon dalma, in ya dawo da yamma, takan tare shi a ƙofar gida.

"Baban Tiyamike, ka zagaye gari?"

"Na zagaye."

"Har gidan dattijo Waisoni?"

"Har can."

"To gidanka fa, hanyar ce ta lalace?"

Sai ya jingine keke ya shiga neman abin gyara a jikinsa, ko da lafiyarsa lau.

A shekarar da nake magana, ana saura mako biyar Ista, Felesiya ta ce masa yatsunta sun fara ƙagewa, gurasar Ista ita ce ta ƙarshe da za ta toya. Ta ƙara da cewa in ba ta ci ba a wannan karon, ta daina zuwa kallo, za ta riƙa yin addu'arta a gindin ayaba, tunda ayaba ba ta tambayar dalma. Ba da fushi ta faɗa ba, tana tsinke ganyen kabewa ne. Wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Shekara arba'in da ɗaya suna tafiya majami'a tare, shi a gaba da kwat, ita a baya tana kakkaɓe masa kafaɗa.

Maganar buɗe tebur ga kowa ba sabuwa ba ce. Abusa ta kawo ta tun shekararta ta farko. Mu dattawa goma sha biyu, har da ni, muka miƙa ta ga kwamiti. Kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin ya nemi ƙarin lokaci. Sau shida ana haka. Jagoran wannan dabara shi ne Bambo (wato Malam) Waisoni Likoswe, tsohon shugaban ma'aikata a gonar shayi, mutum mai gaskiya da tsabta, wanda ya haddace littafin dokokin ikkilisiya har ya ƙara masa wasu da hannunsa.

Taron shekara ya faɗo mako uku kafin Ista. Ana yin sa ne bayan sujada, ba tare da an tashi ba, Littafi na buɗe a mumbari, dattawa a jere a gaba, jama'a na saurare. A waje kuwa 'yan zumuntar mata sun ɗora tukwane, tuwon nsima da naman akuya biyu, don bayan taro ake cin abincin shekara. Felesiya na cikin masu girki, tunda marar dalma ba ta da ta cewa a taro.

Aka zo kan maganar tebur wajen ƙarfe ɗaya. Abusa ta yi magana gajera. Ta ce teburin ba nata ba ne, ba na dattawa ba ne, mai shi kuma ya ci abinci da waɗanda mutanen kirki na zamaninsa ba sa gaisawa da su. Ta ce mu masu hidima ne a gidan biki, ba a ɗauke mu gadin ƙofa ba. Bambo Likoswe ya miƙe ya gyara tabarau, ya yaba wa jawabin, ya ba da shawara a miƙa batun ga kwamiti ya kawo rahoto baɗi. Ƙanshin akuya ya riga ya shigo ta tagogi. Hannu takwas suka tashi, nawa na ciki. Abusa ta sauke numfashi, ta sa albarka, jama'a suka miƙe tsaye suna jiran Littafi ya wuce.

Yotamu bai tashi ba.

Yana zaune a 'yar kujerarsa gindin mumbari, hannuwa bisa gwiwa, yana kallon rufin kwano kamar yana ƙirga ƙusoshi. Muka jira. Mai kiɗan molo ya maimaita baitin fita. Ya sake maimaitawa. Wani ya yi tari irin na tunatarwa.

"Bambo Makwinja," in ji Abusa a hankali, "an gama."

"Na ji, Abusa."

"Ko ƙafar ce?"

"Ƙafata lafiya lau, na gode."

Bambo Likoswe ya leƙo daga layin dattawa. "Yotamu, ɗauki Littafi mana, jama'a na tsaye."

"Su zauna, Bambo. Akwai benci."

Majami'a ta yi tsit, har muna jin muciya na bugun tukunya a waje. Daga nan sai wata yarinya a cikin mawaƙa ta tuntsire da dariya, aka dangware ta, mai dangwarar ita ma ta kama.

"Wannan wane irin wasa ne?" in ji Likoswe. "To wani ya ɗauka. Kai, Fanuweli, hau ka sauko da shi."

Fanuweli, dattijo ne mai sayar da katako, ya yi taku biyu, sai Yotamu ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Bambo Likoswe, ku tuna mini. Shekarar da na kwanta zazzaɓi, ƙanena ya ɗauki Littafi, wa ya kawo doka cewa ba mai taɓa shi sai wanda dattawa suka naɗa?"

Likoswe ya gyara tabarau.

"Kuma naɗin sabo sai an sanar Lahadi nawa a jere?"

"Biyu," in ji wani daga baya, da murna.

"Biyu," in ji Yotamu. "To ku sanar yau, ku sanar mako mai zuwa. Ina nan."

Fanuweli ya koma mazauninsa da sanɗa. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ƙofa a buɗe take wangale. Ba sakata, ba mai gadi. Rana na kwance a bakinta, kaza ma ta shigo ta fita. Mutum ɗari biyu, cikinsu na kuka, suna kallon ƙofar nan, ba wanda ya iya ɗaga ƙafa ya riga Littafi. Na ga wani saurayi ya kai har dokin ƙofa, kakarsa ta kira sunansa sau ɗaya, ya dawo kamar an ja shi da igiya.

Abusa ta zauna, ta rufe baki da takardar tsarin sujada. Kafaɗunta na rawa.

"Abusa, ku umarce shi!" in ji Likoswe.

"Bambo, ni shugabar zama ce kawai," ta ce, da ƙyar muryar ke fita. "Ku kuka koya mini cewa a nan fasto ba sarki ba ne."

Aka ci gaba da zama. Ƙarfe biyu ta wuce. Mawaƙa suka ce bari su rage lokaci, suka ɗauko waƙar Isra'ilawa a jeji suna kukan yunwa, Likoswe ya harare su suka sauya. Wani tsoho ya yi barci ya farka ya tambaya ko an ci. Sai ga inuwa a taga, Felesiya ce, da muciya a hannu, fuska duk gumi.

"Lafiya? Tuwo ya yi sanyi, akuya ta narke. Ko Yesu ya dawo ne ba a gaya mana ba?"

"Mijinki ne ya ƙi tashi!" mutum goma suka amsa tare.

Ta dube shi. "Baban Tiyamike, me ya same ka?"

"Ina aiki."

"A zaune?"

"Yau aikin na zama ne."

"Ka ji tsohon banza. Shekara talatin kana ɗaukar abin nan kamar ƙwai, yau da na dafa nama za ka tsiro da hali?" Ta juya ga dattawa. "Me ya ce yana so?"

Yotamu ne ya miƙe, karo na farko, ya riƙe gefen mumbari. Ba mai iya jawabi ba ne. Ya ce shi bai san dokoki kamar Bambo Likoswe ba, abin da ya sani keke ne. Ya ce sau ɗari da huɗu ya ɗaura gurasar matarsa da jakar dalma a kan keke ɗaya, kuma kowane karo sai ya ji keken na ja gefe. Ya ce ya ba mutane dalma waɗanda ya san abin da suke yi, bai faɗa ba, ba kuma zai faɗa ba. Ya ce ba zai iya rungumar Littafin nan ya wuce da shi ta gaban Felesiya ba, sai an gaya masa e ko a'a. Ko a'a ce, a faɗa da baki. Kwamiti ne ba ya so.

Felesiya ta share fuska da gefen zane ta ce hayaƙi ne. Ta kuma ƙara da cewa, tunda ana maganar waɗanda ake sani, ita ma tana da sunayen masu aiko jarka ta ƙofar baya, in taro na bukata. Dattawa uku suka shiga duba takalmansu a lokaci ɗaya. Majami'a ta fashe da dariya. Mata na riƙe ciki, mai molo ya kife a kan molonsa.

Ni ban taɓa aika jarka ba, amma kunya ta kama ni fiye da masu aikawa. Na tuna na rubuta waƙa mai baiti tara a kan teburin da ba ya ƙarewa, ana rera ta kowane Jibi, Felesiya na amshi daga gefen taga. Na miƙe na tambayi Abusa ko taro ya tashi. Ta ce muddin Littafi na buɗe, taro na nan. Na ce to ni da na ɗaga hannu don kwamiti, na janye, ina roƙo a kaɗa ƙuri'a a kan ainihin maganar yanzu. Fanuweli ya goyi baya tun ban rufe baki ba, ina jin yunwa ta taimaka.

Bambo Likoswe ya nemi magana, dariya ta lafa. Ya cire tabarau. Ya ce mahaifinsa giya ce ta kashe shi, a kwalbati aka tsince shi, shi yana ɗan shekara tara. Ya ce ba ƙin Felesiya yake ba, tsoro yake kada tebur ya zama wurin da ba a tambayar kowa komai. Wannan ne karo na farko da ya faɗi dalilinsa cikin shekara shida.

Abusa ta ce, "Bambo, da kun faɗi wannan tun farko, da mun yi kuka tare tuntuni. Za mu ci gaba da tambayar juna, har mu yi faɗa in ya kama. Amma a kan tebur za mu yi, kowa da gurasa a hannu. Da mahaifinku zai shigo yau, ni dai ba zan so a tsayar da shi a ƙofa ba."

Likoswe ya daɗe yana goge tabarau. Aka kaɗa ƙuri'a. Tara suka yarda, uku suka ƙi, shi na cikin ukun, ya kuma nemi a rubuta sunansa, aka rubuta.

Yotamu ya gyara kwat, ya hau mumbari, ya rufe Littafi. Wanda ya saba takawa kamar mai ɗauke da madara, ran nan ƙafafunsa suka ƙi bin umarni. Taku biyu gaba, ɗan tsalle, taku biyu gaba. Mai molo ya kama karin, mawaƙa suka ɗauka, matan zumunta suka rangaɗa guɗa daga waje. Abusa na biye tana ƙoƙarin tafiyar fasto, ta kasa. Haka muka fito rana muna rangaji, aka ci tuwo mai sanyi da naman da ya zama miya, ba wanda ya yi ƙorafi sai Felesiya.

Ran Ista an yi ruwa da asuba, dutsen ya fito wankakke, rafuka farare na zubowa a jikinsa. Yotamu ya tsaya a ƙofa kamar kullum, ba jaka, bai san yadda zai yi da hannuwansa ba, sai ya shiga gaisawa da kowa, har da waɗanda ya riga ya gaisa da su. Mutanen da muka saba gani gefen taga suka bazu cikin layuka, suna zama a ɗofane. Bayan ya kai Littafi mumbari, bai koma 'yar kujerarsa ba. Ya je layi na huɗu ya zauna kusa da matarsa.

Dattawa ke zagayawa da faranti, kowa da layukansa, kuma tun shekaru layi na huɗu na Bambo Likoswe ne. Wani ya raɗa masa ko a musanya. Ya ce taro ya yanke, shi kuma dattijon taro ne. Ya zo da farantin a hannu biyu, ya rusuna kaɗan kamar yadda yake yi wa kowa.

"Mama Felesiya, jikin Almasihu, dominki."

Ta ɗauka da yatsun nan masu ƙagewa. Ta tauna a hankali, idonta a rufe. Yotamu bai ko taɓa tasa ba, ita yake kallo. Ta haɗiye, ta karkato gare shi, ta yi raɗa irin tata wadda ake ji har layi na bakwai.

"Shekara ashirin da shida kuna cin wannan, ba wanda ya gaya mini gishiri bai ji ba?"

Likoswe ya wuce da sauri, yana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa.

Ba ta daina toya gurasar ba. Ta ce ba za ta miƙa aiki a lalace ba, sai ta gyara, kuma gyaran ya ɗauke ta shekara bakwai, jikarta na kwaɓawa, ita tana ɗanɗanawa. Maganar giya kuwa ba ta mutu ba, ita da Likoswe sun yi ta kai ruwa rana a kanta a lokacin tambaya, har ta yarda ta daina sayar wa duk wanda matarsa ta kawo ƙara.

Dalmar kuma dattawa suka rasa yadda za su yi da ita. An so a kafa kwamiti, sai aka dubi Yotamu, aka fasa, aka ce ya ajiye. Ya ajiye guda ɗaya a aljihun kwat. Sauran ya huda su a tsakiya, ya gano daidai suke da ɗan faifan ƙarfen da ake sa wa ƙusoshin birki. Yau shekara huɗu da rasuwarsa, Felesiya na zama a layi na huɗu ita kaɗai, da kwat ɗin a ninke bisa cinya in ana sanyi. Kekunan Mlombwa kuwa, na masu dakon ganyen shayi da na 'yan makaranta da na limamin Yao, in ka sunkuya ka duba kusa da birki, za ka ga ɗan kurmi mai cin wuta.